Gyaran gonarmu ta Tiga domin bikin auta

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

An tsayar da magana jiya bayan isha'i a ɗakin Hajiya. Bikin autarmu a gona za a yi shi, daga Juma'a 27 ga Disamba zuwa Lahadi 29. Ni aka ɗora wa gyaran wurin, kuɗin kuwa karo-karo ne tsakaninmu 'ya'yan gidan, don haka zan riƙa rubuta abin da aka yi da abin da aka kashe. 'Yan'uwan da ke nesa su ga inda kuɗinsu ya shiga, wanda kuma yake da gona yana tunanin irin wannan ya san abin da zai taras.

Gonar tana ƙasar Bebeji. In ka fito daga Kano ta titin Zariya, ka wuce Kura da Ciromawa, sai ka saki babban titi wajen Bagauda ka nufi Tiga. Daga kwalta zuwa bakin gonar akwai 'yar hanyar burji da ba ta kai kilomita biyu ba. Marigayi Baba ya saye ta a shekarun 1980, bayan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta mayar da yankin wurin noman rani. Ya shuka mangwaro layi-layi da gwaba, ya kewaye da darbejiya. Ginin da ke ciki ɗaki huɗu ne da falo, sai ɗakin mai gadi, da wani dogon ɗakin kaji da aka daɗe da daina kiwo a ciki.

Wuraren taron da na tambaya a birni, mai sauƙin cikinsu naira miliyan 1.8 ne, kuma na yamma ɗaya: a shiga bayan la'asar, ƙarfe goma a fara kashe fitilu. Dangin Hajiya za su zo daga Damagaram, na Baba daga Jos da Kaduna. In a birni ne rarraba su za a yi gidaje daban-daban, ba za su haɗu ba sai cikin ƙarar sifika, inda ko gaisuwa ba a ji. Amaryar ce da kanta ta ce tana son bikin da za a kwana a tashi tare, a gonar da Baba ya fi so. Dangin ango kuma mutanen Zariya ne, gonar ta rage musu hanya.

Baffa, wanda shi ne waliyyi, bai so ba da farko. Ya kawo maganar tsaro da ta tsofaffin da ba sa jure tafiya. Ya amince bisa sharaɗin babu motar da za ta hau hanya bayan magariba, kuma kafin a fara wani gini sai an je an gai da dagaci.

Mun ware naira miliyan 3 don gyara, ban da abinci. Ruwa da banɗaki ne a gaba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Sassabe da shara. Damina ta bar ciyawa har ƙugu. Samarin ƙauye ne suka yi aikin, sun kashe macizai biyu a bayan ɗakin kaji. Naira 95,000.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mun je wajen dagaci ni da Baffa, mai unguwa ya yi mana jagora, da goro da alawa. Baffa ya yi bayani, na ƙara da cewa muna sa ran baƙi wajen ɗari uku ranar ɗaurin aure, ɗari da 'yan kai kuma za su kwana.

Dagaci ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "To Alhaji ƙarami, ɗari ukun nan da mu a ciki, ko ban da mu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da ku mana."

Ya ce in da su ne, to a sake lissafi. Mahaifinmu bai taɓa yanka rago a gonar nan bai aiko musu ba, suna da jana'iza babu wanda ya wuce shi in yana gari. Yau a ce ana ɗaura wa 'yarsa aure a ƙasarsu, babu magidancin da zai zauna a gida, matansu ma za su shigo yini. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace amfani tun da muka fara shiri. A birni kati ne ke shigar da mutum wurin taro, mai gadi na tsaye a ƙofa. A nan babu wannan, kuma bai kamata a kawo shi ba. Wanda ya ɗauki bikinsa ya kai ƙauye, mutanen ƙauyen su ne masu masauki, shi da danginsa baƙi ne.

Ya nemi kada a saki kiɗan sifika bayan isha'i, kada kuma samarin birni su yi wasan mota a hanyar da yara ke bi. Ya ce zai haɗa mu da shugaban 'yan sintiri, mu kuma mu sanar da ofishin 'yan sanda da kanmu. Da za mu tashi ya kawo wata buƙata cikin ladabi: rijiyar unguwar da ke kusa da mu tana ja baya da bazara, in hali ya yi a fito musu da kan famfo ɗaya bayan shingen gonar. Baffa ya ce in sha Allahu bayan biki za a yi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Rijiyar burtsatse ta ba mu aiki. Ruwan na fitowa siriri, ja, da yashi a ciki. Mai famfo ya zaro sumo, injin da ke turo ruwa daga cikin rijiyar, ya ce yashin ya cinye shi, gyara ɓata kuɗi ne. Kafin a saka sabo sai da aka kawo kwampireso aka wanke rijiyar, ta yi ta aman laka har ruwan ya washe. Ya kuma ɗaga sabon sumon sama kaɗan da inda tsohon yake, don kada ya riƙa zuƙo yashin gindi. Sumo 310,000, wanki 110,000.

Farantan solar da Baba ya saka suna nan lafiya, wanke su kawai aka yi. Tankin da ke sama lita 5,000 ne. In mutum fiye da ɗari za su yi wanka da alwala, ga girki da wanke-wanke, ba zai kai azahar ba. Za a ƙaro na lita 3,000 a ɓangaren mata, da ƙafarsa ta ƙarfe.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yau zaɓen ƙananan hukumomi a Kano, babu aiki. Tun farkon mako kuma wuta ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa, mai waldan da ke haɗa ƙafar tanki a Kura ya ajiye aiki. Ya ce in da janareta zai yi sai na ƙara masa kuɗin mai, ga litar fetur ta haura naira 1,000. Na ce a jira, akwai sauran lokaci.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Wuta ta dawo, an kafa ƙafar tanki. Tanki 290,000, ƙafa da bututu 240,000.

An fara banɗakuna. Shida za a yi, huɗu a ɓangaren mata, biyu a na maza. Na sa an auna mita 30 tsakanin ramin da rijiyar burtsatse, kuma a gangaren da ruwa ke bi ya bar gonar, don ba za mu gurɓata ruwan da za a sha shekara da shekaru saboda bikin kwana uku ba. Wurin da ya cika wannan sharaɗi kuwa marmara ce a ƙasansa. Masu haƙa sun kai ƙugu suka ci karo da ita, diga na tashi da wuta. Sun ce jingar da aka yi ta ƙasa mai laushi ce, kuma gaskiyarsu, na ga tafin hannun ɗayansu. An ƙara musu rabin kuɗin.

Biyar daga cikin banɗakunan na tsuguno ne, ɗaya na zama da ƙarfen dafawa a bango, saboda Hajiya da tsofaffi masu ciwon gwiwa. Siminti buhu 45 a kan 9,200. Da bulo, yashi, kwano, ƙofofi da kuɗin magina, birkila ya ce zai tashi 1,150,000. Wannan kaɗai ya cinye fiye da sulusin abin da aka ware.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Gini ya kai linta. An toshe yoyon kwanon falo.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na kawo Hajiya da Gwaggo su ga wuri. Gwaggo ce uwar biki, kuma tun daga bakin ƙofa ta fara gyara mana tsari.

Na nuna mata inda muka shirya kafa murhu, gabas da gida, kusa da tanki. Ta tsaya ta ce, "Ɗan nan, iskar hunturu daga ina take busowa?" Daga gabas maso arewa take zuwa. Ke nan hayaƙin manyan tukwane kai tsaye zai shiga rumfar mata, ya bi kayan kowa. Madafa ta koma yamma maso kudu, bayan ɗakin kaji, za a ja mata bututu.

Ɗakin kajin ma mun so a gyara shi ya zama masaukin mata, tunda ya fi ko'ina faɗi. Ta ce ko da zinare aka shafe shi sunansa ɗakin kaji, kuma ba za a ce gidanmu sun kwantar da dangin ango a ciki ba. Magana ce da za ta bi yarinyar har ɗakinta. Yanzu tsarin ya zama haka: ɗaki ɗaya na amarya da ƙawayenta, ɗaya na Hajiya da tsofaffi, biyu na dangin ango, falo na sauran mata da yara. Ɗakin kajin za a kankare daɓensa, a wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shafa farar ƙasa, a raba shi biyu. Rabi ajiyar kayan abinci, rabi samarin gidanmu su shimfiɗa katifa.

Sai maganar sutura. Tagogin ɗakunan suna kallon inda maza za su zauna, hanyar banɗakin mata kuma a fili take. Ta taka da ƙafarta ta nuna inda za a ja shinge, daga kusurwar gida har gindin gwaba, yadda mace za ta fito daga ɗaki ta je madafa ko banɗaki ba tare da neman mayafi ba. Na ba da aikin zana 60 a ƙauyen, ta gamba, 2,000 kowace, dirkoki da igiya 50,000.

Hajiya ba ta ce komai ba sai da muka zo layin mangwaron farko. Ta ce waɗannan da hannunta ta ba su ruwa suna dashe, tana goye da wadda ke bi na. Ta ce a ɗaura auren a nan.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ranar ɓacin rai. Mun sayi marmara tifa takwas don cike ramukan hanyar burji, 45,000 kowace. Akwai wani tsohon kwalbati a kan 'yar magudanar da ke kai ruwa gonakin maƙwabta. Mai gadi ya gaya wa direbobin su sauke kaya kafin kwalbatin, a ƙarasa da baro. Biyar sun yi haka. Na shida ya ce shi ba zai jira ba, ya hau. Kwalbatin ya rufta da tayar baya, motar ta karkata, rabin marmarar ya zube a gonar waken maƙwabcinmu, waken da ya rage kwana kaɗan a girbe.

Kafin in iso mutane sun taru, mai gonar yana ta faɗa, kuma yana da hakki. Mai unguwa ya hana kowa magana sai da aka kira dattawa biyu suka zaga inda ya lalace, suka yanke 40,000. Na biya a wurin. Mai gonar ya ƙi karɓa da farko, ya ce ba kuɗi ne ya dame shi ba, a ce an zo an ba shi haƙuri. Na ba shi haƙuri, Baffa ma ya kira shi a waya da daddare. Direban kuwa sai da wata tifar ta zo ta ja shi bayan la'asar, ya tafi ko sallama babu.

Magudanar ba ta jira, masu albasa a ƙasa suna buƙatar ruwa. Gobe za a fara sabon kwalbati da zoben kankare, 210,000. Ba ya cikin lissafi, amma da ya rufta da motar tsofaffi ranar biki gara da ya rufta yau.

Asabar, 23 ga Nuwamba

An gama kwalbati da banɗakuna. Fenti, farar ƙasa, ragar sauro a tagogi da gyaran ƙofofi, 380,000. Mun riga mun wuce miliyan 3. Na sanar da 'yan'uwa, kowa ya ce zai ƙaro.

Asabar, 30 ga Nuwamba

An girbe dawa. Maƙwabcin da muka yi rigimar wake da shi, shi ne ya zo da kansa ya ce a ajiye motoci a gonarsa ta bakin hanya. Sai dai tushiyar kara na huda taya, don haka yara za su bi da fartanya su tumɓuke.

Da an kwashe amfanin gona shanu ke shigowa cin kara, kuma hanyarsu ta bakin ƙofarmu take. Na je ruga wajen Arɗo. Ya ce daga Alhamis ɗin biki zuwa Litinin za su bi ta yamma, matansu kuma za su kawo nono da fura kowace safiya. A wajensa muka sayi san biki, 950,000, zai ci gaba da kiwonsa har ranar yanka. Ƙanena ya leƙa kasuwar Wudil jiya Juma'a, ya ce irinsa a can ya haura miliyan, ga kuɗin mota. Wannan yana cikin asusun abinci, wanda ke hannun yayarmu.

Asabar, 7 ga Disamba

Zuma. Mai gadi yana da amya biyu a kan mangwaro, akwai kuma wasu da suka yi gida a kogon ɗorawar da ke bayan gida. Da ana kafa zana suka harbi mutum biyu, ɗaya idonsa ya kumbura ya rufe. Taron mata kuwa turaren wuta ne da humra, ga alkaki da nakiya da lemon kwalba a buɗe, duk abin da ke kiran zuma.

An samo mai zuma daga wani ƙauye a gaba. Ya zo da daddare da hayaƙi, ya sauke amyoyin ya kai su can ƙarshen gona wajen rafi, na kogon kuma ya kwashe saƙar ya toshe bakin da laka. Ya karɓi 25,000 da rabin zumar. Ya kuma ja kunnena: wasu mangwarorin sun fara huda, kuma muddin akwai huda zuma za ta zo daga ko'ina, ko da babu amya a kusa. Shawararsa a yi zaman mata da cin abinci a ƙarƙashin darbejiya, a bar gindin mangwaro ga ɗaurin aure kawai, wanda ba ya daɗewa kuma babu zaƙi a wurin. Haka za a yi. Zan kuma sa a ɗaure igiya a layukan da suka yi huda, don in yara suka yi ta jifa da girgiza, mangwaron bana ya tafi.

Laraba, 11 ga Disamba

Mai hayar rumfa da kujeru da na ba kafin alƙalami tun Oktoba ya kira ya ce kayansa sun riga sun shiga wani bikin a ranakun, ya maido kuɗin. Ƙarshen Disamba kowa biki yake yi, ya samu wanda ya fi mu tsoka ne. Na samu wani a Kura: kujeru 300, rumfa huɗu, katifu 70, da kai da ɗaukowa, 460,000. Rumfunan ba za su isa ba. Masu zana sun ce su za su kafa wa mata rumfar dirka da kara, tunda kara ya wadata yanzu. Kuɗinta na cikin ragowar na dirkoki.

Lahadi, 15 ga Disamba

Mun kwana a gonar jiya ni da ƙannena don mu ga yadda dare yake. Sanyin nan ba irin na birni ba ne. Kusa da ruwa ne, fili ne, kafin asuba ruwan buta ba ya taɓuwa. An sanar da duk mai kwana ya zo da bargonsa da rigar sanyi, musamman yara. Za a ajiye durom biyu a kan murhu tun ƙarfe huɗu na dare don ruwan zafi, da mutum biyu da aikinsu ke nan. Itacen da muka tanada ba zai isa ba, an ƙara amalanke biyu.

Iska ta kwantar da zana shida a kusurwar gabas, an sake kafa su da dirka biyu-biyu. Rumfar karan ko motsi ba ta yi ba, kuma ta fi ta leda inuwa mai daɗi.

Sabis ɗin waya sai a gindin tanki. Duk wanda za a biya a wurin, da tsabar kuɗi za a zo masa. Fitilun sola goma sha biyu, waya da man janareta, 310,000.

Asabar, 21 ga Disamba

Sayayya. Shinkafa daga masu casa a Kura, mai da sukari daga Singa, lemo da kankana daga 'Yan Lemo. Tumatirin rani bai gama shigowa ba, mun yi magana da wani manomi a Kadawa zai kawo kwando huɗu ranar Alhamis. Kabewar miyan taushe kyauta ce daga matan ƙauye. Yaya ta tsayar da abincin mutum 600 ranar Asabar, bisa maganar dagaci. 'Yan sintiri takwas, dare uku, 120,000. An kai takarda ofishin 'yan sanda.

Alhamis, 26 ga Disamba

Masu girki sun iso da tukwanensu. An cika tankuna. An yi wa amarya lalle a gida, gobe da safe motocin mata za su taso.

Litinin, 30 ga Disamba

An yi, an gama, alhamdu lillahi.

Juma'a mata suka cika gida kafin azahar. Dangin ango sun iso da la'asar aka yi kamu a rumfar kara, ƙawayen amarya suka ɓoye ta, sai da aka yi ciniki mai tsawo kafin su fito da ita a fesa mata turare. Da yamma matan ƙauye suka shigo da ƙorai suka kafa kiɗan ƙwarya, ba wanda ya gayyato su da wannan, kuma shi ne abin da kowa ke labari har yanzu. Tsofaffin Damagaram da na Zariya suka shiga fili tare. Ana kiran isha'i suka ajiye. Daga nan hira ce a bakin wuta har dare ya raba. Gwaggo ta ce ta ga 'yan'uwan da rabonta da su zauna haka tun rasuwar Baba.

Asabar muka tashi da hazo mai kauri, rana ba ta fito ba sai kamar farin faranti. Sola ba ta samu hasken kirki ba, sumo yana ta ja da ƙyar, ga wankan safe ya kwashe tankin mata kafin hantsi. Mun juya sumon kan janareta, amma abin da yake turowa bai kai abin da ake kwasa ba, masu girki suka fara kiran ruwa. Mai unguwa ya ga abin da ake ciki, bai ce da ni komai ba ya tura yara. Cikin ɗan lokaci sai ga amalanken shanu biyu ɗauke da jarkoki daga rijiyar unguwa, rijiyar nan da dagaci ya ce tana ja baya. Suka yi ta jigila har azahar. Na ba yaran kuɗi, mai unguwa ya sa suka mayar.

An ɗaura aure ƙarfe goma sha ɗaya da rabi a gindin mangwaron da Hajiya ta nuna. Baffa ya bayar, wakilin ango ya karɓa, aka ambaci sadaki lakadan, limamin ƙauye ya yi addu'a, ya kuma sa Baba a ciki da sunansa. Kujeru 300 ba su isa ko rabi ba, sauran tabarma ce da darduma. Shinkafa ta kai kowa, nama ne ya ƙare kafin layin ƙarshe, aka cike da kifin da wani masunci ya kawo gudummawa daga Tiga. Da mun tsaya a lissafin farko da an ji kunya.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne wata dattijuwa cikin dangin ango mai ciwon asma. Ƙura da hayaƙi suka tayar mata da shi da yamma, maganinta kuma ya ƙare. Likitar da ke cikin ƙawayen amarya ta ce a tafi da ita, aka kai ta asibiti kafin magariba, ta kwana can, jiya aka sallame ta. Duk wanda zai yi taro a gona da hunturu ya tanadi mota ɗaya da direba da ba sa zuwa ko'ina, ya kuma tambayi masu ciwon ƙirji tun kafin su taso. Motar muna da ita, shi ya taimaka.

Zuma ta harbi yaro ɗaya. Taya biyu ta yi faci a wurin ajiye motoci.

Lahadi da hantsi iyaye suka yi wa amarya nasiha a ɗakin Hajiya, aka daɗe a ciki. Motocin kai amarya sun tashi bayan azahar, sun shiga Zariya da sauran rana kamar yadda Baffa ya sharɗanta.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Lissafin gyara, ban da abinci, ya tashi naira 4,270,000. Mun haura abin da aka ware da 1,270,000, kuma ya ninka kuɗin wurin taro mafi sauƙi da na tambaya a birni har da ɗori. Duk wanda ya ce maka biki a gona ya fi araha, bai gina banɗaki ba. Sai dai a cikin kuɗin, 3,050,000 suna nan a ƙasa: sumo da rijiya, tanki, banɗakuna, hanya da kwalbati, gyaran ɗakuna. Abin da ya tafi ba dawowa shi ne haya, mai, gadi, shara da diyyar wake. Zana da fitilu an adana su a ɗakin kaji.

Shara ta ɗauki kwanaki, ledar ruwa ce ta fi yawa, kuma dole a tsince ta tas kafin shanun Arɗo su dawo ta nan, don in saniya ta haɗiye ta illa ce. In za a sake, randuna da kofuna za a ajiye.

Gida biyu cikin waɗanda suka halarta sun tambaya ko za mu ba da hayar wurin. 'Yan'uwa sun rabu a kai. Ni ina ganin abin da ya sa namu ya yiwu shi ne shekarun da Baba ya yi yana zumunci da mutanen nan, kuma baƙon da ya biya kuɗi ba lallai ya kiyaye abin da muka kiyaye ba. Ba za mu ba kowa amsa ba sai Baffa ya zauna da dagaci, a ji ko suna so, da kuma sharuɗɗansu.

Aikin da ke gaba shi ne famfon unguwa. Mai famfo ya auna daga tankin mata zuwa bayan shinge, ya ce bututu goma sha huɗu ne, da kan famfo biyu da daɓen siminti inda za a ajiye jarka, wajen 190,000. Yaya ta ce a cire daga ragowar kuɗin abinci. Ranar Talata zai fara haƙa, mai unguwa zai turo samari su taya shi.